Kajina sun daina ƙwai, Hajiya ta ce baki ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, gidan haya muke zaune tare da uwar mijina, Hajiya. Da na kwashi adashi sai na sayi jajayen kajin gidan gona goma sha biyu a hannun wani mai kawo su daga Dormaa, ya ce mini yanzu suka fara ƙwai. Watan farko alhamdulillahi, tara ko goma nake tsinta kullum, har ina sayar wa mai shayin bakin layinmu. Da buhun abincinsu ya ƙare na je saye na tarar kuɗi ya hau, sai Hajiya ta ce ita tun tana yarinya take kiwon kaji ba ta taɓa saya musu abinci ba, in sake su su bi nata. Na sake su, ina ba su dusa da ragowar tuwo da ƙanzo. Yanzu da ƙyar nake samun uku, wani ma babu ɓawo sai fata. Kajin Hajiya suna saran su har bayansu ya yi sanƙo. Ɗaya ta ɓace, ɗaya ta mutu bayan wani jan abu ya fito mata ta baya. Ga shi ba sa tsoron mutum, ɗakin kowa shiga suke suna sa baki a kwano, maƙwabta sun fara yi mini habaici a kan wari. Hajiya ta ce baki ne ya kama su, maigida ya ce a yanka a huta, autata kuma 'yar shekara shida akwai wadda ta sa wa suna Amarya, ba ta barci sai ta leƙa ta. Ni kuwa kuɗin adashina nake ji. In sayar ne, ko in sayi zakaran gidan gona su yi mini 'yan tsaki in sake sabon zubi?
Daga 'yarki a Aboabo.

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki yanka, kada ki sayar tukuna, kuɗin zakaran ma ki bar shi a lalitarki. Abin da kika lissafa mini, tun daga raguwar ƙwai har sanƙon baya, kusan duk tushensa ɗaya ne: yunwa. Na san za ki ce ai wuni suke tone-tone, cikinsu bai taɓa zama wayam ba. Haka ne, suna ƙoshi, amma ba da abin da jiki ke yin ƙwai da shi ba. Ba na musun kambun baka, ki ci gaba da addu'arki safe da yamma. Sai dai ki tuna lokacin da ƙwan ya fara ja da baya, za ki ga bai yi nisa da ranar da aka kakkaɓe buhu ba.

Ki fara sanin wace irin kaza ce a hannunki. Jajayen nan da ake kawowa daga gonakin Dormaa Ahenkro da na kewayen Kumasi yawancinsu ISA Brown ne, ko Lohmann Brown, ko Hy-Line, ko Bovans. ISA Brown wani kamfanin Faransa ne ya fito da ita a 1978, Lohmann ta Jamus ce, Hy-Line ta Amurka, Bovans ta Holan. Dukansu ruwa biyu ne, jinsi aka haɗa da jinsi. Shekara da shekaru ana zaɓen kazar da ta fi ƙwai, ta fi sanyin hali, ba ta kwanci, ana haɗa ta da zakaran da ya fito daga irin wannan tsatso, har aka samu wadda za ta fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, ta yi wajen 300 a shekararta ta farko. Kazar Hajiya kuwa in ta yi 40 zuwa 60 a shekara ta yi ƙoƙari. Za ta saka goma sha wani abu, ta kwanta a kai kwana 21, ta ɗauki makonni tana yawo da 'ya'yanta, jikinta ya huta ya murmure, sannan ta sake. Abin da take tonowa a gindin murhu da bakin bola ya ishe ta wannan aikin. Saboda haka Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba, kajinta ba sa bukatar buhu. Naki ne ba irin nata ba.

Ƙwan jar kaza ɗaya giram 60 ne ko sama da haka kaɗan, ita kanta kazar ba ta cika wuce kilo biyu ba. Ke nan cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki takan fitar da ƙwan da ya kai nauyin jikinta, ta kuma ɗora wani watan a kai ba hutu. Mai jego ce ita, jegon da ba a fita, kuma ba gidan da ake ba mai jego ƙanzo a ce ta shayar. Abincin da aka haɗa domin masu ƙwai, wanda 'yan shago ke kira leya mash, furotin ɗin cikinsa, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 18 ne cikin ɗari, saboda an zuba wa masarar garin waken suya ko garin kifi. Masara zallarta ba ta kai kashi 10 ba, tuwo da ƙanzo kuwa sitaci ne kawai. Sai maganar ɓawo. Kowane ɓawon ƙwai akwai kalsiyam wajen giram biyu a jikinsa, kuma kafin kaza ta iya yin sa sai ta samu wajen giram huɗu a abincinta kowace rana. In ba ta samu ba ba ta tsayawa nan take, sai ta fara zarowa daga ƙashinta, domin haka aka gina ta. Daga nan sai ƙwai mai fata, sai ƙafa ta yi rauni, sai ta tsaya gaba ɗaya. Wadda ta mutu da jan abu a baya, mahaifarta ce ta biyo ƙwai ta kasa komawa. Ƙarancin kalsiyam na kawo wannan, kitsen tuwo ma na kawowa, kuma da zarar sauran kaji sun ga ja sai su bi da sara har su ƙarasa ta. In kika sake ganin haka a jikin wata, ki ware ta nan take a kwando, wuri mai duhu, ki wanke wurin da ruwan ɗumi, ki nemi likitan dabbobi.

Kafin ki fitar da ko sidi ɗaya, ki tantance kajin da hannunki. Ki bari sai bayan isha'i sun kwanta, ki ɗauki tocila, ki riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Jajayen nan ko da rana ba sa gardama a hannu, balle da dare. Ki rungume kaza a hammatarki, kanta na kallon bayanki, ki lalubi ƙasan wutsiya, gefe da gefen mafitar ƙwai. Za ki ji ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini. Ki jera yatsunki a tsakaninsu. In uku suka shiga, ko biyu a sake, cikinta da laushi, mafitar da faɗi da danshi, zankonta ja cikakke mai ɗumi, wannan tana ƙwai. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, mafitar ta tsuke ta bushe, zankon ya yamushe ya koɗe, to ta tsaya, ki ɗaura mata zare a ƙafa. Ki shafa ƙashin ƙirjinta, in ya fito zaƙo-zaƙo babu tsoka a gefensa, kin ga ramar da gashi ya ɓoye miki. Ki kuma buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na gindin wutsiya ki haska, ko akwai ƙwarƙwata. Masu zaren nan ba yanzu za a yanke musu hukunci ba, sai sun yi mako uku ko huɗu suna cin abin kirki an sake gwada su.

Akwai kuma abin da nake so ki tuna. Ƙwan da kika fara tsinta a makon farko, ƙanana ne ko manya? Budurwar kaza da ƙananan ƙwai take farawa, masu ƙwarin ɓawo da duhun launi, su yi ta girma a hankali cikin wata biyu zuwa uku. In tun ranar farko manya-manya kika gani masu koɗaɗɗen ɓawo, ga kaushi a ƙafafun kajin, ga gashi ya tsufa, to mai yiwuwa waɗanda gona ta gama cin moriyarsu aka kawo miki. Gonaki kan fitar da kajinsu suna da wajen shekara ɗaya da rabi, kuma irin waɗannan in sun samu abinci sukan ci gaba da ƙwai na ɗan lokaci, mai saye ya ɗauka 'yan mata ne. In haka abin yake, shawarata ba ta canza ba, sai dai ki rage dogon buri a kansu.

Yanzu sai buhu. Ki sayi leya mash buhu ɗaya mai kilo 50. Kowace kaza giram 110 zuwa 120 take ci a rana, goma ke nan kilo ɗaya da ɗan kai, buhun zai kai ki wajen mako shida. Ba sai kin sayi sikeli ba. Ki sa mai shagon ya auna miki kilo ɗaya da giram 200 sau ɗaya, ki juye a roba, ki ja layi inda ya tsaya, shi ke nan kin samu mudun kullum. Ki ba su kashi ɗaya cikin uku da sassafe, sauran da la'asar. Dalilin fifita yamma shi ne ƙwai ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 a cikin kaza, wajen awa 20 daga ciki a yin ɓawo suke tafiya, kuma yawancin wannan aikin da dare ake yin sa. Ki ajiye musu dakakken ɓawon kawa a wani gwangwani daban, masu sayar da abincin kaji suna da shi, mai bukata za ta ɗiba da kanta. Ɓawon ƙwan da kuka ci ma yana yi, amma ki gasa shi ki daka ya yi laushi, don in suka gane kamanninsa za su koyi fasa nasu, kuma wannan ɗabi'ar in ta shiga keji fitarta da wuya.

Ki buɗe buhun a gaban mai shago ki cusa hannu ki shinshina. In ya dunƙule ko yana warin fumfuna, ki bar masa kayansa. Damshin Kumasi ba ya raga wa hatsi, kuma masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hantar kaza ya kashe ƙwai. A gida ki ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, ki ɗaure bakinsa saboda ɓera. Wanda ake aunawa da gwangwanin olonka a sayar, in ba ki yarda da mai sayarwa ba ki haƙura, dusa ba ta da wuyar cakuɗawa. Ragowar abincin gida ban ce ki daina ba, amma sai bayan sun ci nasu, ɗan dunƙule kawai, ban da mai gishiri da yawa, ban da wanda ya yi tsami. Abin da ya fi shi ne ki ɗaure musu damin zogale ko alayyafo ko ganyen kabeji da igiya, ya yi lilo daidai kansu. Zai ƙara wa gwaiduwa ja, ya kuma ba bakinsu aikin da ba gashin 'yar'uwa ba.

Ruwa kuma kada ya yanke ko na awa ɗaya. Kaza takan sha wajen ninki biyu na abin da take ci, naki goma ki ƙaddara lita uku a rana, a Fabrairu da Maris fiye da haka. Kaza ba ta gumi. In kika ga ta buɗe baki tana haki ta saki fikafikai, zafi ne ya dame ta, ki canza ruwan da mai sanyi na randa. Wunin ƙishirwa ɗaya na iya ci miki ƙwan kwanaki.

Kuɗin abincin da ya tsorata ki, ki auna shi da ƙwai, kada ki auna shi da aljihu. In kaji goma suka dawo suna ba ki takwas a rana, mako shida ƙwai 336 ke nan, kiret mai ƙwai 30 guda goma sha ɗaya har da ɗori. In bakwai ne, kusan kiret goma. Ki tambayi kuɗin kiret yau a Aboabo, ki ninka, ki ɗora kusa da kuɗin buhu, lissafin zai yi miki magana da kansa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika tsinta kowace rana. Kada ki sa rai a makon farko, jiki sai ya biya bashin da ya ci tukuna. Yawanci daga mako na biyu zuwa na uku ake fara ganin canji, waɗanda suka zubar da gashi kuma sukan fi haka daɗewa. In mako shida ya cika ba ki wuce biyar a rana ba, to kajin sun fi ƙarfin gyara ko sun tsufa, a nan sai a saurari maganar maigida.

Sakin da kika yi musu shi ne matsala ta biyu, kuma a nan ne halinsu mai daɗi ya zame musu illa. Kazar nan tun ranar da ta fito daga injin ƙyanƙyasa hannun mutum ta sani, shi ke kawo ci da sha. Ba ta yi uwar da za ta koya mata gudun shaho ko muzuru ba. Ki lura, in kika miƙa hannu kanta sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fikafikai ta tsaya cak. Mai ƙwai ce ke yin haka, zakara take zato, amma ga yaron da ya zo da mugun nufi ai ta sauƙaƙa masa aiki. Ina zaton wadda ta ɓace haka ta tafi. Sannan ki duba bakinsu, za ki ga yawanci an datse tsininsa tun suna tsaki don kada su sari juna a gona. Da wannan guntun bakin ba za ta iya rama saran kazar Hajiya ba, ba kuma za ta iya tsintar ƙwayar hatsi a kan siminti yadda ya kamata ba. Shi ya sa ko an watsa abinci tare, na gida ne ke cinyewa, naki na gefe suna kallo. Abincinsu a mazubi mai ɗan zurfi za ki riƙa zubawa.

Don haka a killace su. Kaji goma, wuri mai mita biyu tsawo mita biyu faɗi ya wadatar. Ki fara neman izinin mai gidan hayar, kada a kafa katako a zo ana ce-ce-ku-ce. Kafinta ya ɗaga ƙasan yadda ruwan sama ba zai kwanta ba, bango ya zama gajere, sauran duk waya mai raga don iska ta ratsa, rufin ya zarce bangon sosai saboda feshin damina. In kwano ne, a shimfiɗa masa ganyen kwakwa ko tsofaffin buhuna a sama, in ba haka ba da azahar gasa su zai yi. Ƙofa da kwaɗo. A ciki a gitta sanda mai tsawon mita biyu su riƙa hawa su kwana, a sa akwati biyu ko uku a lungu mai duhu don saka ƙwai, a ajiye tsohuwar taya cike da yashi da tokar murhu su yi birgima, shi ne wankansu kuma shi ke rage ƙwarƙwata. Ƙasan ki zuba ɓawon katako irin na fiƙe, mai kauri kamar santimita goma. A kasuwar katako ta Sokoban yana nan jibge, ko wurin kowane kafinta na unguwa. Ki guji garin zarto mai laushi, yana shaƙe su.

Warin da maƙwabta ke kuka da shi daga jiƙa yake zuwa. Kashin kaza in ya faɗa kan busasshen ɓawon katako ya bushe, wari kaɗan ne. In ruwa ya zube a kai, nan ne hanci ke yaji har ido ya yi hawaye, kuma abin da ya dame ki a tsaye ya fi damun kazar da hancinta ke dab da ƙasa. Ki ɗora mazubin ruwa a kan bulo, ki riƙa juya shimfiɗar bayan kwana biyu-biyu, inda ya jiƙe ki kwashe ki sa sabo. Abin da kika kwashe ki ɗura a buhu, masu lambun latas da kabeji irin na Gyinyase da takin kaji suke noma. Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma a kejinki kam ba a son wannan albarkacin, domin ɓera da tsuntsayen waje ta wurin ci da sha suke kawo cuta.

Amma ki sani, ranar da kika rufe ƙofar kejin nan, cinsu da shansu ya dawo wuyanki gaba ɗaya. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. In kin duba kin ga ba za ki iya ɗaukar buhun kaji goma ba, ki rage su zuwa biyar ko shida ki riƙe su da kyau. Ya fi miki lada, ya fi miki riba.

Tunda sun yi yawo da kajin gida, ki kai maganarsu ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, akwai shi a Amakom. Abu biyu za ki nema: maganin tsutsar ciki da rigakafin Niyukasil, annobar nan da ta fi ɓarna da hunturu, mai sa kaza koren zawo da murɗewar wuya, ta share gida cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani sai rigakafi. An yi wa naki tun a gona, amma ƙarfinsa na raguwa, ana sabunta shi bayan wata uku zuwa huɗu. Akwai wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya ne a ido, a nan Ghana ake yin sa. Ki sa a yi har da kajin Hajiya da na duk wanda ke gidan, don rigakafin naki kaɗai bai isa ba in cutar na yawo a tsakar gida. Duk maganin da aka ba su, ki tambayi likita kwana nawa za a yi ba a ci ƙwan ba, kuma ki kiyaye, kada ki kai wa mai shayi ya soya wa mutane. Kafson mutane da ake farkawa a zuba wa kaji a ruwa, ki raba kanki da shi. In kuma Allah ya kiyaye kika wayi gari kaji da yawa sun mutu lokaci ɗaya ba ciwon kirki, kada a ci, kada a sayar, kada yara su taɓa, a sanar da likitocin. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2007, ta dawo a 2015 da 2021.

Haske ma yana da nasa rabon. Ranarmu a Kumasi wajen awa 12 ce duk shekara, kazar ƙwai kuma ta fi sakin jiki da 14 zuwa 16. Ƙaramin ƙwan fitila daga magariba zuwa tara ko goma na dare ya isa, mai aiki da hasken rana ya fi saboda ɗauke wuta. Amma sai sun yi mako biyu suna cin abinci sun murmure za ki fara, kina ƙara lokacin kaɗan-kaɗan, kuma kada ya kwana a kunne.

Sai mutanen gida, waɗanda a ganina sun fi kajin wuyar sha'ani. Hajiya kada ki je mata da cewa shawararta ce ta jawo, kada kuma ki tura ɗanta ya faɗa mata, ki sa shi tsakanin uwa da mata a kan kaza. Ki same ta da kanki bayan ta idar da salla, ki ce: Hajiya, kajin nan na turawa ragwaye ne, ba su da ƙwarin naki, naki sun fi ƙarfinsu, gara in kulle su kafin su ƙare. Ba ƙarya kika yi ba, kuma ba ki taɓa girmanta ba. Kuɗin rigakafin kajinta ki biya, ƙwan farko da ya dawo da ɓawo mai ƙwari ki dafa ki kai mata. In ta ce addu'a ce ta karya bakin, ki ce amin.

Maigida kuma lissafi za ki kai masa. Kajin nan a yau ƙashi ne da gashi, in an yanka ba nama, in an kai kasuwa ba daraja. Ki roƙe shi buhu ɗaya da mako shida. In ƙwai ya dawo, to. In bai dawo ba, aƙalla sun yi tsokar da za a saya da mutunci. Ta kowane gefe bai yi asara ba.

Maƙwabta suna da gaskiya, kada ki tsaya kare kanki. Ba wanda zai ji daɗin kaza ta fito daga kwata ta sa masa baki a kwanon koko. Ki bi su ɗaki-ɗaki ki ba da haƙuri tun kafin kafinta ya zo, ki gaya musu ranar da za a killace kajin, ki kuma cika. Kada ki bari har wani ya kira tankas su zo duba tsafta, don daga nan magana ta bar hannunki. In ƙwai ya dawo, 'yan gida ki riƙa yi musu ɗan ragi, mai ƙaramin yaro ko mara lafiya ki miƙa masa biyu kyauta.

Maganar zakara kuwa, kaza ba ta bukatarsa kafin ta yi ƙwai, sai in ana son ƙwan ya ƙyanƙyashe. A kejinki ba abin da zai ƙara sai cin giram ɗari da wani abu kullum, da cara tun kafin kiran assalatu a gidan da ake jin haushinki, da ƙarasa tuje musu baya. Ko ya yi barbara, jajayen ba sa kwanci, an cire musu wannan. In kika sa ƙwan a ƙarƙashin kazar Hajiya za a samu tsaki, amma ba za su gaji uwarsu ba, domin sirrin yana wurin iyaye da kakannin da kamfani ke riƙe da su. 'Ya'yan za su fito kowa da kamarsa, kusan rabi zakaru, matan kuma ƙwansu bai kai nata ba. Don sha'awa ba laifi, don jari a'a. In abin da kike so kaza ce mai ɗan iya nema da kanta, ga nama ga ƙwai, ki tambayi irin kajin da ake kira Sasso, amma ita ma sai an taimaka mata da abinci, kuma ba ta kai jar kaza ƙwai ba.

Sabon zubi daga gona ake sayo shi. Jar kaza shekararta ta farko ce mai albarka, ta biyu ƙwan na raguwa, ɓawon na yin rauni. Daga kowane kiret ki riƙa ware wani abu a asusu. In lokacin ya zo, ki daidaita fitar da tsofaffin da Salla ko Kirsimeti ko Ista, lokacin da ake neman su, ki sayo 'yan mako 16 zuwa 18 a gonar da za ta gaya miki ranar ƙyanƙyasarsu ta nuna miki takardar rigakafinsu. Sababbi su yi mako biyu zuwa uku a ware kafin su haɗu da kowace kaza ta gidan.

Ita kuma auta, manya sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma ba a yi wa 'yar shekara shida wannan karatun da wuƙa a gabanta. Ki gaya wa babanta tun yanzu cewa duk ranar da za a fitar da sauran, Amarya ba ta ciki. Abincin kaza ɗaya ba zai karya ku ba. Ki ba yarinyar aikin tsintar ƙwai sau biyu a rana da jan layi a littafin lissafi, ki koya mata ɗaukar kaza da hannu biyu ba ta fiffike ba, ban da kai ta kusa da baki, kuma a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka fito daga keji. Kada ki yi mata alkawarin Amarya za ta daɗe. Irin waɗannan kajin, saboda yawan ƙwan da suka yi, da yawansu ciwon mahaifa ke kama su daga shekara biyu zuwa uku. In kika ga cikinta ya kumbura, tana tafiya a buɗe, ta daina ci, ki zaunar da yarinyar ki gaya mata kazar ba ta da lafiya, sannan a yi abin da ya kamata ba a idonta ba.